Sirrin Ofis a Aljihun Ma'aikaci: Darasi Daga Yola da Jimeta

Duk wanda ya taɓa kai waya gyara a shagunan da ke kewayen babbar kasuwar Jimeta ya san tambayar da mai gyara kan fara yi tun kafin ya kwance murfi: mece ce lambar buɗe wayar? Mai waya kan faɗa ba tare da dogon tunani ba, a yi masa alkawarin bayan la'asar, ya tari Keke Napep ya koma ofis. A 'yan sa'o'in nan, abin da ya bari a kan teburin mai gyara ya wuce hotunan biki da na suna. Idan ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, mai yiwuwa a tarar da hoton takardar ofis da ba a riga an sa mata hannu ba, da jerin sunayen masu karɓar tallafi tare da lambobin asusunsu, da jadawalin tafiyar maigida daga Abuja zuwa Yola har da gidan da za a sauka. Mafi yawan masu gyara masu riƙon amana ne, amma tsarin da ya rataya kacokan a kan kirkin mutum ɗaya bai cika tsari ba.

Shi mai gyaran ma da sauƙi, tunda ido na ganinsa. Wadda ba a gani ita ce babbar manhajar da ke sarrafa wayar, wato tushen da kowace ƙaramar manhaja ke zaune a kansa. Ita ke yanke hukunci kan wa zai ga lambobin mutane, wa zai kunna kyamara, wa zai san inda mai waya ya kwana, da irin bayanan da za su fice ta intanet alhali wayar na ajiye. Wannan ne ya sa zancen sauya babbar manhaja zuwa wadda aka gina domin kare sirri ya fara shiga hirar ma'aikata da hadiman manya. Zaɓi ne mai amfani ga wasu, mai haɗari ga wanda ya yi shi da ka, kuma bai dace gwamnati ta bar wa ma'aikaci shi kaɗai wannan nauyi ba.

Yola ta cancanci a yi misali da ita. Gari ne da ofisoshin tarayya ke riƙe da bayanan mutanen da ba su da ƙarfin kare kansu. Tun bayan da Boko Haram ta kame Mubi a watan Oktoba na 2014, dubban mutane suka kwararo Yola da kewayenta, aka yi rajistarsu a sansanoni irin na Malkohi da Fufore. A nan ne Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama yake, da bayanan marasa lafiyarsa. A nan ne jami'an kwastam da na shige da fice ke kula da doguwar iyaka da Kamaru. Ga shi kuma Shugabar Ma'aikatan Tarayya, Didi Esther Walson-Jack, ta sanya ranar 31 ga Disamba, 2025 a matsayin wa'adin da ma'aikatu za su bar aiki da takarda. Manufa ce mai kyau, sai dai fayil ɗin da ya bar kabad dole ya sauka a wani wuri, kuma ga ma'aikacin da ke jiha, nesa da hedikwata, wurin nan sau da yawa wayarsa ce ta kansa, wadda ya saya da albashinsa, yara ke kallon bidiyo da ita da dare.

Damuwar tana da hujja. A watan Agusta na 2018, kamfanin dillancin labarai na AP ya gano cewa Google na ci gaba da adana wuraren da mutum ya je ko da ya kashe maɓallin tarihin wurare, lamarin da ya kai kamfanin ga amincewa ya biya jihohi 40 na Amurka dala miliyan 391.5 a Nuwamban 2022. A Oktoban 2021, masu bincike daga Kwalejin Trinity ta Dublin da Jami'ar Edinburgh suka gwada nau'o'in Android guda shida, ciki har da na Samsung da Xiaomi da Huawei da Realme, suka tarar biyar daga ciki na aika bayanai masu yawa ko da ba a taɓa wayar ba. A 2020 kuma, kamfanin Upstream ya bayyana cewa kimanin wayoyi dubu 53 ƙirar Tecno W2 sun iso hannun masu saye da muguwar manhaja a cikinsu, wadda ke cinye data tana ƙoƙarin yi wa mutane rajistar biyan kuɗi ba da saninsu ba. Kamaru, maƙwabciyar Adamawa, na cikin ƙasashen da aka samu wayoyin. Kamfanin Transsion, mai Tecno, ya amsa cewa hakan ta faru, ya ɗora laifin a kan wani mai kawo masa kaya, ya ce ya fitar da gyara.

Ma'aikatan Najeriya kuwa sun ɗanɗana nasu a hannun manhajojin ba da rance, waɗanda ke kwashe lambobin da ke cikin wayar mai cin bashi, in ya makara su aika wa surukai da shugabannin ofis saƙon tozarci. A Agustan 2021 hukumar NITDA ta ci tarar kamfanin Soko Lending naira miliyan 10 kan irin wannan. Wanda ya ci bashin mutum ɗaya ne, amma lambobin da aka kwashe na ɗaruruwan mutane ne da ba a nemi izininsu ba.

Abin da ya buɗe ƙofar sauyi shi ne tushen Android a buɗe yake, kowa na iya ɗauka ya duba ya gina nasa a kai. Mai riƙe da iPhone ba shi da wannan dama, domin Apple ba ya barin a ɗora wata manhaja a madadin tasa. Daga wannan buɗaɗɗen tushe aka samu sunaye huɗu da aka fi ambata.

GrapheneOS, wadda ta samo asali a 2014 ta kuma ɗauki wannan suna a 2019, ita ce ta fi tsanantawa wajen tsaro. Tana ba mai waya ikon hana kowace manhaja shiga intanet, da nuna mata lambobi ko hotuna ƙalilan da ya zaɓa maimakon duka. Wanda ke bukatar manhajojin Google zai iya sa su, amma a killace, ba su da wani fifiko a kan sauran. Wayar kan sake kunna kanta idan ta daɗe a kulle, abin da ke wahalar da mai son zaƙulo bayanai daga wayar sata. An gina ta ne a kan wayoyin Pixel, wato wayoyin Google kansa, saboda irin kariyar da ke cikin ƙirarsu.

LineageOS, magajiyar CyanogenMod tun ƙarshen 2016, ta fi kowacce yawan wayoyin da take hawa, kuma takan raya tsohuwar wayar da kamfani ya daina kulawa da ita. Ita kuwa /e/OS, wadda Bafaranshe Gaël Duval ya assasa, an gina ta a kan LineageOS aka cire ayyukan Google, kuma ita ce ɗayar da binciken Dublin ya ce kusan ba ta aika komai. Ta huɗu, CalyxOS, ta wata cibiya ce a Amurka, kuma labarinta abin lura ne: a Agustan 2025 ta sanar da dakatar da fitar da sabuntawa na tsawon watanni bayan manyan jagororinta sun bar aikin. Duk wanda ya dogara da ita ya wayi gari da wayar da ba a toshe mata ɓaraka.

Ma'aunin farko ke nan na zaɓi: wa ke sabunta manhajar, kuma har zuwa yaushe? Kusan kowane wata ana gano sababbin ɓarakoki a Android, ana fitar da gyaransu. Manhajar da ba ta leƙen asiri amma gyaranta ya tsaya tamkar gida ne da aka sallami ɗan tsegumi daga cikinsa aka bar ƙofa a buɗe. Google ya yi wa Pixel 8 ta 2023 alkawarin shekara bakwai na sabuntawa, alhali Pixel 5 da waɗanda suka gabace ta an riga an daina yi musu. Mai sayen ta hannu saboda rangwame ya duba wannan kafin ya zaro kuɗi, domin araha ba ta ado.

Ma'auni na biyu shi ne kullewa. Kafin a ɗora sabuwar babbar manhaja sai an buɗe makullin tushen wayar, wanda ke tantance cewa ba a yi wa manhajar kutse ba duk lokacin da aka kunna. A kan Pixel mai GrapheneOS ana mayar da makullin bayan an gama. A kan mafi yawan wayoyin da ke ɗauke da LineageOS kuwa a buɗe ake barinsa, wanda ke nufin duk wanda wayar ta kwana a hannunsa zai iya sauya mata ciki. Ga ɗalibi mai son raya tsohuwar waya, wannan ba wani abu ba ne. Ga hadimin da wayarsa ke ratsa otal-otal da filayen jirgi, gudun gara ne a faɗa gidan zago. Akwai kuma tarko ga masu sayen wayoyin da aka shigo da su: waɗanda wasu kamfanonin sadarwa na Amurka suka sayar, musamman Verizon, makullinsu ba ya buɗuwa sam.

Ma'auni na uku shi ne harkar yau da kullum. Wasu manhajojin banki kan tambayi Google ko wayar na kan manhajar da ya amince da ita, in ba haka ba su ƙi buɗewa. Wasu na aiki lafiya, wasu ba sa yi, kuma wadda ta yi aiki bana tana iya ƙi baɗi. Lambobin USSD na banki suna aiki a kowace waya, amma ba su maye gurbin komai ba. Ma'aikacin da zai gano a ƙarshen wata cewa ba ya iya taɓa albashinsa, washegari zai kai wayar a yi mata filashin a mayar da ita yadda take, wahala ta tashi a banza. A gwada bankin da manhajojin ofis tukuna, kafin a kwashe kaya a koma.

Ma'auni na huɗu shi ne gyara. Google ba ya sayar da Pixel kai-tsaye a Najeriya. Kasuwar Jimeta, kamar ta Kano da ta Abuja, Tecno da Infinix da itel ne suka cika ta, sai Samsung da Redmi, kuma kayan gyaransu ne ke kan kanta. Wayar da in gilashinta ya fashe sai an aika Legas ko Abuja an jira mota, ba kowane ma'aikaci ne zai iya zama da ita ba. Su kuma wayoyin da suka fi yawa a aljihun jama'a, da wuya a samu ɗayan manhajojin nan huɗu da ke tallafa musu a hukumance. Abin da ke yawo a intanet da sunansu galibi aikin wasu ne da ba a san ko su waye ba, kuma ɗora irin wannan a wayar aiki bai wa kura ajiyar nama ne. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Na biyar shi ne hannun da ya ɗora manhajar. A Yunin 2021 duniya ta ji cewa Anom, wayar da aka riƙa tallatawa a ɓoye a matsayin wadda ba a iya saurare, hukumar FBI ta Amurka ce ke tafiyar da ita tare da 'yan sandan Ostireliya, aka kama mutum fiye da 800. Waɗanda aka kama ana zarginsu ne da manyan laifuka, amma darasin na kowa ne: idan hukuma za ta iya sayar da waya mai kunne da sunan tsaro, ɗan damfara ma zai iya. Duk wayar da wani ya kawo yana cewa ya riga ya tsare ta, abar tuhuma ce. A sauko da manhaja daga shafin masu ita, a ɗora a gaban mai waya.

Wajibi ne kuma a faɗi abin da sauya manhaja ba ya magancewa. Mutanen Yola ba sa bukatar a tuna musu cewa layin waya ba mallakin mai waya ba ne. Bayan Shugaba Goodluck Jonathan ya ayyana dokar ta-ɓaci a Adamawa da Borno da Yobe a watan Mayu na 2013, an katse layukan sadarwa, makonni suka shuɗe waya ta zama fitila da agogo, kowace irin manhaja ce a cikinta. Tun Disamban 2020 aka wajabta haɗa kowane layi da lambar NIN. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta umarci kamfanonin sadarwa su adana bayanan zirga-zirgar kira na shekara biyu. Turakun sadarwa sun san yankin da waya take. A Disamban 2020, cibiyar Citizen Lab ta Jami'ar Toronto ta sanya Najeriya cikin ƙasashen da ta gano alamun na'urorin kamfanin Circles, waɗanda ke bibiyar waya ta hanyar raunin layukan sadarwa ba tare da sun taɓa wayar ba.

Haka nan babu manhajar da ke maganin sakaci. A Maris na 2025, manyan jami'an tsaron Amurka sun tattauna harin da za a kai Yemen a wani zauren Signal, manhajar da ake yabo wajen ɓoye saƙo, ashe an saka babban editan mujallar The Atlantic a ciki bisa kuskure. Hadimin da ya sayi waya mafi tsaro, sannan ya tura takardar sirri zauren WhatsApp mai mutum ɗari biyu, ya yi aikin baban giwa. Kuma kare sirri bai zama lasisin ɓoye aikin gwamnati ga masu haƙƙin sani ba. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 tana nan, kuma hukuncin da aka yanke da sunan ofis dole ya bar sawu a rumbun ofis.

Saboda haka kowa ya auna kansa da irin amanar da ke hannunsa. Hadimin minista ko na ɗan majalisa, da jami'in da ke binciken kuɗi, da wanda ke riƙe da bayanan tsaro ko na shaidu, su ne suka fi cancantar waya ta biyu ta aiki zalla: Pixel da har yanzu ake sabuntawa, da GrapheneOS a kai, makulli a rufe, manhajoji kaɗan. Mai son rage leƙen kamfanonin talla kawai, wanda ba ya fargabar a kwace wayarsa, /e/OS ko LineageOS a kan wayar da suke tallafawa a hukumance za su ishe shi. Mafi rinjaye kuwa, masu Tecno da Infinix da itel, abin da ya fi musu shi ne su bar manhajar kamfani, su riƙa karɓar sabuntawa da zarar ta zo, su cire manhajojin da ba sa amfani da su, su janye izinin ganin lambobi da wuri daga duk wadda ba ta da dalili, su sa doguwar lambar sirri, su nisanci manhajojin rance a wayar da ke ɗauke da aikin ofis. Kafin a kai gyara a kwashe takardun ofis, a cire layi da katin ajiya. Sababbin wayoyin Samsung da Pixel suna da yanayin gyara da ke ɓoye komai daga mai gyaran, sai a yi amfani da shi.

Babban nauyin dai yana kan gwamnati. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulki ya tabbatar wa ɗan ƙasa sirrin gidansa da wasiƙunsa da maganganunsa na waya. Dokar Kare Bayanai, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2023, ta hau kan ma'aikatun gwamnati kamar yadda ta hau kan kamfanoni, har ta wajabta sanar da hukumar NDPC cikin sa'o'i 72 idan aka samu ɓarakar da ke iya cutar da mutane. Gwamnatin da hukumarta ta FCCPC ta ci tarar Meta dala miliyan 220 a Yulin 2024 kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan Najeriya, bai kamata a same ta tana barin bayanan 'yan gudun hijira a wayar da ba ta san irinta ba.

Abu huɗu ake bukata. Ofishin Shugabar Ma'aikata, da shawarar NITDA da NDPC da Ofishin Mai Ba da Shawara kan Tsaron Ƙasa, ya fitar da ƙa'ida a rubuce mai fayyace irin takardun da aka yarda su shiga wayar mutum ta kansa, da wayoyi da manhajojin da aka amince da su, da ranar da wa'adin kowace zai ƙare. Na biyu, a saya wa masu riƙe da bayanai masu nauyi wayar aiki daga kasafin ofis, domin ba adalci ba ne a ɗora wa ƙaramin ma'aikaci sayen tsaron gwamnati da albashinsa. Na uku, a samar da hanyar aika saƙo ta gwamnati da ke aiki ko inda sabis ke da rauni, ta Galaxy Backbone ko wata kafa. Faransa ta yi wa ma'aikatanta irin wannan, mai suna Tchap, tun 2019, Indiya kuma ta gabatar da babbar manhajarta ta BharOS a Janairun 2023. Na huɗu, Babban Bankin Najeriya ya ja hankalin bankuna kada su rufe ƙofa ga manhajar da aka tabbatar da tsaronta don kawai ba ta ɗauke da hatimin Google.

Kada kuma tsarin ya tsaya a sakatariyar Abuja. Yola na da Jami'ar Modibbo Adama, wadda ta faro a matsayin jami'ar fasaha, tana da Jami'ar Amurka ta Najeriya, tana da matasa masu hannu a shagunan Jimeta waɗanda ba wayar da ke gagararsu. Ana iya horar da rukuni daga cikinsu, a tantance su, a ba su shaidar da ofisoshin tarayya za su dogara da ita, su koyi ɗora manhajar da ta dace da mayar da makulli da yin gyara ba tare da neman lambar sirrin kowa ba. Ma'aikaci ya samu inda zai kai wayarsa hankali kwance, matasa su samu sana'a mai daraja.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Matar da ta ba da sunanta da lambar asusunta a Malkohi domin buhun shinkafa ba ta san GrapheneOS ba, ba ta kuma bukatar saninta. Ta miƙa bayananta ne ga gwamnatin tarayya, ta hannun jami'in da ya ɗauki hoton rajistar da wayarsa. Haƙƙinta ne gwamnatin ta san wace waya ce wannan, wace manhaja ke cikinta, da teburin da za ta kwana a kai ranar da gilashinta ya fashe.